Aljanun Ƙarfe Huɗu da Rabi

Shekara goma sha tara Malam Umar Faruƙ ya yi yana riƙe da sashen Hausa na wani ƙaramin gidan rediyo a Garwa, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa shakkar cewa daga gadar Binuwai har Kuseri babu wanda ya kama ƙafarsa a Hausa ba. Sashen dai shi kaɗai ne a cikinsa. Rabin awa yake samu, Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, tsakanin labaran Fulatanci da waƙoƙin Faransanci. A rabin awar nan yakan bayyana asalin kalmomi, ya ba da tarihin fataken da suka sauka Garwa da goro da baƙin rini, sannan ya yi wa masu cewa "mota ya zo" faɗa. Wayar shirin tana nan gefensa, takan yi mako guda ba ta yi ƙara ba. Shi a ganinsa alama ce ta mutane sun natsu suna ɗaukar darasi.

A watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke sa kwalta ta yi laushi, shugabar gidan, Madam Hortense, ta kira shi ofishinta. 'Yar garin Gidar ce, ba ta da yawan magana, Hausarta ta kasuwa ce amma tana isar da saƙo. Bisa teburinta ga littattafai bakwai a jere, kowanne kauri kamar bulo, bangonsu baƙi ƙirin.

"Malam Umar, zauna. Ka san mutum nawa suka kira shirinka watan jiya?"

"Madam, ai ilimi ba da waya ake auna shi ba."

"Biyu. Ɗayan ma kuskuren lamba ya yi, mai gyaran firiji yake nema."

Ta tura masa littafin farko. Ta ce labari ne guda mai kashi bakwai, an juya shi daga Turanci zuwa Faransanci, 'yan matan lise, wato sakandare, hannu da hannu suke karɓarsa, har malamai suna ƙwacewa a aji. Tana so ya karanta, ya riƙa ba da shi da Hausa a rabin awarsa, kaɗan-kaɗan, har ya ƙare.

Malam Umar ya gyara tabarau ya dubi bangon. Wani saurayi ne fari fat, gashi har kafaɗa, rigar fata a buɗe ba maɓalli ko ɗaya, ga baƙaƙen fukafukai a bayansa, yana tsaye kan rufin jirgin ƙasa.

"Wannan mutum ne ko hankaka?"

"Yariman baƙaƙen aljanu ne, Baba," in ji wata murya daga bakin ƙofa.

Laetitia ce, mai kula da na'urorin sitidiyo. Shekararta ashirin da takwas, haifaffiyar unguwar Yelwa, ita ce ke buɗe masa makirfo kullum ta kuma rufe. Littattafan nata ne. Sau uku ta karanta su duka, kuma kowanne ta naɗe gefunansa da salatif don kada ya yage.

"Aljani," in ji Malam Umar. "Da rigar fata. To."

Ya so ya ƙi. Amma Madam Hortense ta ce in bai yi ba, za ta ba masu waƙa rabin awar. Ya kwashi littattafan a leda, ya hau moto, wato babur ɗin haya, ya tafi gida unguwar Hausare, yana riƙe da ledar nesa da jikinsa kamar mai ɗauke da ɗanyen kifi.

Da hantsi yake karatun, a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya. Tun shafi na goma ya fara tsaki. Labarin wata yarinya ce mai shekara goma sha tara, a wani birnin Turawa da ruwa ba ya ɗaukewa, tana gyaran lema a shagon kakarta. Wata rana wani baƙo mai idanu kamar azurfa ya kawo karyayyiyar lema. Ashe shi ne yariman, shekararsa ɗari tara. Shekara ɗari tara a duniya, bai koyi gyaran lema ba. Aljanun nan wai ƙarfe ne ajalinsu, amma duk faɗin duniya ba su sami wurin zama ba sai tsohon ramin jirgin ƙasa da ke ƙarƙashin birnin, inda ko ina ka dafa ƙarfe ne. Wai ba sa iya ƙarya, amma kowace magana tasu da tarko a ciki, kamar dillalin shanu ranar kasuwa. Suna da fada, suna da lauyoyi, suna shan kofi, ɗayansu ma har da lasisin tuƙi. Yariman kuwa ba ya aikin komai sai tsayuwa a lungu yana cije muƙamuƙi. Malam Umar ya ƙirga, sau arba'in da ɗaya ya cije shi a littafin farko kaɗai. Yarinyar kuma duk sanda ya matso sai ta ji yana ƙanshin ruwan sama da hayaƙi.

"A Garwa dai," in ji Malam Umar shi kaɗai, "mai warin hayaƙi mai tsire ne."

Ranar Litinin ya shiga sitidiyo. Sunayen Turawan ba za su zauna a bakin mutane ba, don haka ya sa wa yarinyar Talatu, yariman kuma Ɗan Duhu. Laetitia ta ɗaga masa hannu ta bayan gilashi, jar fitila ta kama, ya fara.

Da niyyar ba da labari tsakani da Allah ya fara. Bai yi minti biyar ba abin ya fi ƙarfinsa.

"Jama'a, nan fa marubuciyar ta ce wai da Ɗan Duhu ya dubi Talatu sai gwiwoyinta suka saki. Mu a nan in gwiwar yarinya ta saki, asibiti ake kai ta a auna jininta. Mu ci gaba."

Ta bayan gilashi Laetitia ta haɗe rai. Shi ko ko a jikinsa. Ya ba da labarin lemar, ya ba da na daren da Talatu ta bi baƙon har bakin ramin jirgi, ya tsaya ya yi wa kakar faɗa kan sakacin da ta yi da jikarta, ya koma. Saura minti uku a tashi, wayar nan da ke yin mako ba ta motsa ba ta yi ƙara. Kafin a rufe shirin mutum shida suka kira. Washegari goma sha huɗu.

Cikin mako uku garin ya ɗauka. 'Yan moto suna tsayawa gindin bishiya ƙarfe huɗu da rabi, su sa waya a kunne, fasinja na tsaye yana masifa. Teloli a babbar kasuwa suna kashe keke. Matan da Fulatanci kawai suke ji suna samun mai fassara musu. In Malam Umar ya fito titi sai ya ji an ɗaga murya, "Malam, ina Talatu?" Ya ɗaga hannu kaɗan, kamar mai korar ƙuda, amma a ransa daɗi yake ji. Shi fa ya san dalilin abin. Littafin shirme ne, kowa ya gani. Abin da mutane ke so shi ne yadda yake tsire shi, yadda yake fallasa wautarsa da Hausa mai gishiri. Ashe dai shekara goma sha tara mutanen Garwa suna jira ne ya sami abin da zai yi wa dariya.

Abin da ya ɗan dame shi kawai irin tambayoyin masu kira ne. Wata Haoua daga Pitowa ta kira tana huci.

"Malam, don Allah ka gaya wa Talatu kada ta ci abincin gidansu! Ba an ce in ta ci ba ta dawowa ba?"

"Hajiya, Talatu takarda ce. Ba ta jin rediyo."

"Na sani mana, amma ka gaya mata."

Wani direban babbar mota daga Tibati ya kira ya ce shi bai yarda da Barde ba, wato mai gadin yarima, wanda shi ma ya fara yi wa Talatu wani irin kallo. Wata kuma ta ce Barde ya fi yarima hankali sau goma. Malam Umar yakan saurare su yana girgiza kai. Manya da su, da 'ya'ya da jikoki, suna gardama kan wanda ya dace ya auri yarinyar da babu ita, tsakanin aljanu biyu da babu su.

Da aka shiga littafi na uku sai ya fara rage labarin yana ƙara sharhi. Babi guda yakan dunƙule shi cikin jimla biyu, sannan ya yi minti goma sha biyar yana kwatanta aljanun Turawa da na tatsuniyoyinmu, waɗanda ba sa neman lauya kuma ba sa buɗe ƙirji. Wata Laraba bayan an rufe makirfo Laetitia ta shigo ta tsaya a kansa.

"Baba, ka tsallake babi uku."

"Na taimaki jama'a."

"A ciki ne Talatu ta gane uwarta ba ta mutu ba, aljanun ne suka riƙe ta shekara goma sha biyar. Duk abin da za ta yi nan gaba saboda wannan ne. In ba ka faɗa ba mutane ba za su gane ba."

"'Yar nan, babu abin ganewa. Ke da kika karanta shi sau uku, me kika ƙaru da shi?"

Ta dube shi ido cikin ido.

"Shekarar da mamana ta kwanta asibiti, wata bakwai, shi nake karantawa a kan benci. Ban ce zai sa na zama malama ba. Amma ka ba da shi yadda yake, ko ka bari."

Malam Umar ya ɗan ji wani abu, na ɗan lokaci. Sai ya tuna cewa shi ne ya mai da wannan tarkace abin saurare, ya ɗauki hularsa ya fita. Washegari ya ambaci maganar uwar cikin numfashi guda, ya wuce.

Littafi na huɗu ne ya ƙure shi. Shafi ɗari biyu cur Talatu tana tsaye tsakanin Ɗan Duhu da Barde. Yau ta yi kuka a kafaɗar wannan, gobe ta mari wancan, jibi ta zauna bakin taga tana kallon ruwan sama tana tambayar zuciyarta. Birnin na cin wuta, sarauniyar aljanu ta tara rundunarta a ƙarƙashin ƙasa, uwa na ɗaure, ita kuwa tana tambayar zuciyarta. Malam Umar ya rufe littafin ya dubi sauran ukun da ke jiransa. Kowanne ya fi na gabansa kauri. A lissafinsa sai bayan babbar salla zai rabu da Talatu.

Ranar Alhamis ya shiga sitidiyo ba littafi a hannunsa. Laetitia ta lura, amma lokaci ya yi, ta kunna jar fitila.

"Jama'a, yau labari ya zo ƙarshe," in ji shi. "Ɗan Duhu ya fito da safe ba takalmi, ya taka ƙusa. Kun san ƙarfe ne ajalinsu. Nan take ya cije muƙamuƙi, cizon ƙarshe, ya faɗi. Barde da ya ji labari ya tattara fukafukansa ya koma ƙauyensu noma. Talatu kuwa hankalinta ya dawo, ta auri wani yaron kirki mai sayar da takalman roba a shagon da ke kusa da nasu. Uwarta ma an sake ta. Shi ke nan. Yanzu sauran minti ashirin da biyar, bari mu yi magana kan abin da ya sa mutum mai hankali zai ɓata wata biyu a kan wannan."

Ya yi maganar kuwa. Ya ce mutanen da ba su san sunan kakan kakansu ba sun haddace zuriyar aljanun ramin jirgi. Ya ce an sayar musu da tatsuniya a gwangwani sun karɓa da hannu biyu. Wayar tana ta ƙara, ya yi wa Laetitia alama kada ta haɗa kowa. Ita dai tana zaune ta harɗe hannuwa, ba ta kashe masa makirfo ba, ta bar shi ya faɗi duk abin da ke bakinsa.

Da ya fito, 'yan moto sun fi talatin a bakin get, ga wasu mata da suka taso daga kasuwa da kwandunansu. Ba wanda ya taɓa shi. Wani dai ya ce, "Malam, ƙusa? Ƙusa fa ka ce?" Wata 'yar lise da kayan makaranta a jikinta ta ɗaga littafi na biyar sama ta ce ƙarya ne, ga yarima nan da ransa a shafin farko. Sai da mai gadi ya raka shi har titi, kuma a ranar babu ɗan moton da ya yarda ya ɗauke shi. Da ƙafa ya isa Hausare.

Da safe Laetitia ta zo gidan da kanta, ta gaishe shi yadda ya kamata, ta karɓi littattafanta bakwai ta ƙirga su a gabansa. Ƙarfe goma Madam Hortense ta kira shi.

"Bon. Litinin za ka ba mutane haƙuri, ka koma inda ka tsaya."

"Ba zan ba kowa haƙuri a kan aljani ba, Madam. Ki ba wanda kika ga dama. Amma ki rubuta ki ajiye, in babu bakina a ciki, shirin nan ba zai yi mako guda ba. Ba littafin suke saurare ba, ni suke saurare."

Madam Hortense ta dube shi ta saman tabarau, ta ce to. Ta mai da shi kan sanarwa, ta rasuwa da ta ɗaurin aure da ta ɓatan awaki, minti goma kafin labaran rana. Rabin awar ta ba Laetitia.

Ranar Litinin Malam Umar ya kunna rediyo don ya ji yadda abin zai rushe. Hausar Laetitia ta Yelwa ce, wadda aka koya wajen sayen tumatir. Mace da namiji duk "ya" ne a wajenta. "Talatu ya shiga ramin, ya ga maman shi." Inda kalma ta ɓace mata sai ta cusa Faransanci ko Fulatanci ta wuce. Ya riƙe kai. Amma ta koma baya ta ba da babi ukun nan da ya tsallake, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi sharhi ko na kalma ɗaya ba. Da ta zo inda Talatu ta hango uwarta ta cikin tagar wani jirgi da ba ya tsayawa, ta karanta wurin a hankali, ta ci gaba.

Mako ya wuce shirin bai mutu ba. Wata ya wuce, aka mai da shi awa guda. Wani kamfanin sabulu ya nemi a riƙa sa tallarsa a tsakiya. Daga Maruwa aka aiko ana neman izinin maimaitawa. A titi kuwa an daina tambayarsa Talatu. Yara dai sukan bi bayansa daga nesa suna cewa "Malam Ƙusa", in ya waiwaya su watse.

Wata Asabar ya je babbar kasuwa sayen yadi wajen Alhaji Goni, wani dattijo ɗan Kuseri mai karatu, wanda ya yi Larabci ya yi boko, irin mutanen da Malam Umar yake ganin sun isa ya yi hira da su. Suka gaisa, aka kawo shayi. Malam Umar ya buɗe zancen da kansa.

"Alhaji, ka ji abin da aka mai da Hausa a rediyo? Talatu ya shiga, Talatu ya fita."

"Na ji. Kullum ina ji."

"To ka gani."

Alhaji Goni ya kurɓi shayi ya ajiye kofin.

"Malam, in gaya maka gaskiya? Lokacin da kake yi, a layin nan namu in ka fara sharhi sai mu rage murya mu ci gaba da ciniki. Ga wancan mai zare, shi muka sa yana sa kunne, in ka koma kan labarin ya yi mana tafi mu ƙaro. Wata rana sai ka yi minti ashirin bai yi tafi ba."

Malam Umar ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Har da kai, Alhaji? Aljani mai lasisin tuƙi?"

"Shirme ne, ban musa ba. Ni ma na san aljani ba ya shan kofi. Amma yarinya ce an ɗauke mata uwa, ina so in ji ko za ta same ta. Kai kuma ka tsaya a ƙofa kana ta yi mana bayanin cewa ɗakin ba shi da kyau." Ya jawo bandir ɗin yadi ya warware. "Kuma Barde maci amana ne, tun farko na faɗa. Shekaranjiya ya tabbata. Yadi nawa za a yanka?"

Malam Umar ya sayi yadin bai yi tayi ba.

Ranar Litinin da ya gama karanta sanarwar wata akuya mai jan wuya da ta ɓata a unguwar Pumpumre, bai tafi gida ba. Ya zauna a bencin baranda inda lasifikar gidan take, da takarda a cinya. Ƙarfe biyar da rabi da Laetitia ta fito ya miƙa mata. Kurakurai ashirin da uku ya rubuta, kowanne da gyaransa a gefe.

"Ba don labarin ba," in ji shi. "Labarin yana nan a shirmensa. Amma ba zan zauna ana yanka Hausa a gidan da nake aiki ba."

Ta karanta har ƙasa. "Useko, Baba, na gode. Amma na goma sha bakwai ba kuskure ba ne. Da gangan Barde ya faɗa haka, don aljani ba ya iya ƙarya, sai ya karkata maganar."

"Ko aljani ne ya bi nahawu."

Washegari ma ya kawo takarda, da jibi, har ranar da aka rufe littafi na bakwai, mako biyu bayan babbar salla. Kurakuran suka ragu daga ashirin da uku zuwa huɗu ko biyar. Talatu ta koma "ta". Da aka gama, Madam Hortense ta ba shi kwata awa ranar Lahadi da safe ya ci gaba da asalin kalmomi. Laetitia kuwa ta riga ta ajiye wasu littattafan bisa tebur, guda tara, na wasu mutane da ke rikiɗa kuraye a wani birni mai dusar ƙanƙara. Malam Umar ya ɗaga na sama ya dubi bangon, ya ga wannan saurayin ko rigar ma bai samu ba.

"A garin ƙanƙara," in ji shi. Ya ajiye, ya tambaye ta ranar da za ta fara.